Maigadin Bututu

Ni ne Gariba, maigadi a Aboabo.
Ba banki nake tsaro ba, ba shago ba:
bututu goma sha huɗu, baƙaƙe, kwance a bakin titi,
kowanne baki buɗe
kamar mai jiran a kira sunansa a asibiti.

Tun watan Rajab babban bututu ya tsage
gaban rumfar Mma Sahura mai shinkafa da wake.
Ruwan da ya taso tun daga Barekese,
ya sha tata, ya sha magani, ya ratso Kumasi,
a nan yake faɗawa kwata,
taku ashirin kafin ya kai ga mai ƙishi.
A gidajenmu famfo tari kawai yake yi.
Titi kuwa bai taɓa rasa alwala ba.

Aka buga a jarida: kowa ya kawo farashi.
Kamfani bakwai suka kai ambulan.
Aka buɗe, aka rufe, wanda ya faɗi ya kai ƙara,
aka sake bugawa.
Ranar da Adomako ya ci kwangila
an kafa rumfa, an jera kujerun roba,
an raba wa manya ruwan gora mai sanyi
don su jiƙa maƙoshi su yi mana jawabi a kan ruwa.
Allon da suka kafa ya fi ƙofar masallacinmu faɗi.
Wata uku, in ji allon.
Wani yaro ya sa gawayi ya mai da ukun takwas,
ba wanda ya ja masa kunne.

Adomako ba mugu ba ne, na ga idonsa.
Yakan zo da yamma ya zauna kan bututu na uku,
ya cire takalmi, ya danna waya, ba a ɗauka.
"Baba, takarda tana Ankara.
Hannu ɗaya ya rage, mai hannun ya tafi jana'iza."
Ina bin sa albashin wata biyar,
yana bin gwamnati,
gwamnati kuma ban san wa take bi ba.

Kaza ta yi ƙwai cikin na shida,
ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan har sun isa yanka.
Jarka rawaya sidi uku, jiya ta koma biyar.
Jikata Lariba biyu take ɗaukowa kafin makaranta.
Wuyanta ya san lita ashirin da biyar
tun hannunta bai iya rubuta ta ba.

Daren wata Alhamis Imoro mai gyaran keke ya zo
da robar taya, da waya, da guntun katako.
Muka faɗa ramin, laka har gwiwa, ina haska masa tocila.
Ya ɗaure, ya ja, ya ƙara ɗaurewa
yadda maɗori ke yi wa karyayyen ƙashi.
Da asuba famfon masallaci ya yi atishawa,
ya tofar da ja, sannan ya kawo fari.
Mata suka rangaɗa guɗa da bokiti a ka.
Kwana tara muna sha.

Na goma, aka ce masu duba aiki na tafe da kyamara.
Yaron Adomako ya riga su, tun kafin kiran salla, da wuƙa.
"Baba, in ba su ga ɓarna ba, ba sa sa hannu.
In ba su sa hannu ba, ba kuɗinka."
Duhu ne, ba ya gani sosai.
Ni na haska masa.
Tocilar nan dai.

Ruwa ya yi tsiri sama har ya wuce allon.
An ce ya yi kyau a hoto.

Robar tana ƙarƙashin tabarmata.
Imoro ya daina amsa gaisuwata,
Mma Sahura na zuba mini abinci ba ta duban fuskata.
Yanzu na gama zagayen dare, na ƙirga da sanda:
goma sha huɗu.
Ko ɗaya bai ɓata ba.